Rimin Sauro da Kan Hauwa

Ku da kuke cewa kitso ai zama ne da hira, bari in gaya muku kan da na fara taɓawa. Na wata tsohuwa ne mai sayar da daddawa a kasuwar Roni, ina da shekara goma sha uku, shekarar da aka sami 'yancin kai. Gashinta bai fi gaɓar yatsa ba, ga tauri, ga shi ta yi wata biyu ba ta tsefe ba. Tun hantsi na kama shi, ban sake shi ba sai da aka kira la'asar. Ta shafa kan da hannu biyu, ta sa mini albarka, ta tashi. Wallahi ba ta kai zaure ba layi biyu suka warware. Ya Falmata, wadda nake koyo a hannunta, ko kallona ba ta yi ba. Ta kira tsohuwar ta dawo, ta tsefe duk abin da na wuni ina yi, ta sake shi kafin magariba, ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙoƙon mai kamar in nutse don kunya.

Ya Falmata Babarbariya ce, iyayenta daga gabas suka zo suka zauna a unguwarmu. Hausa take yi da kowa, amma in ka ji ta juya Barbarci to ranta ya ɓaci, sai ka nemi hanya. Innata ce ta kai ni wurinta, ta ce, "Ga Asabe nan, ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ko za ki iya da ita." Shekara guda cur ban kitsa kan mutum ba. Sharar gashi nake yi, in dunƙule na kowace mace daban in ba ta a hannunta, don ba a barin gashin wata ya kwana a gidan wata. Sai tsifa, sai wanke kai da sabulun salo, sai riƙe mai. Kitso kuwa a jikin gezar masara na koye shi, da jelar jakin maƙwabta in ya yarda.

Ku yanzu kuna da mataji kala-kala na roba, wannan ya karye ku ɗauki wancan. Mu tsinke ɗaya ne na ƙarfe, maƙeri ya ƙera, ka riƙe shi har bakinsa ya yi sulɓi don kansa. Nawa yana nan a cikin adakata, kuma kada wadda ta taɓa mini shi. Da shi ake tsaga, da shi ake tsifa, da gindinsa ake ƙwanƙwasar yarinyar da ta ƙi tsayar da wuya. Sai mashacin katako mai haƙori shida, da ƙoƙon man shanu, da shuni, da ɗan turmi wanda ba a daka komai a ciki sai ganye ɗaya tak.

Ganyen nan shi ne asirin gidan. Mu rimin sauro muke ce masa. In kun taɓa zuwa bakin fadama bayan ruwa ya zauna kun taka shi ba ku sani ba. Ɗan tsiro ne da ba ya wuce ƙwauri, wani ma a kwance yake yaɗo, kararsa ja-ja, ganyensa siriri mai kaushi a hannu. Furensa fari ne, ƙanƙane, bai kai maɓallin riga ba. In ka murje ganyen a yatsa ruwan kore ne, ka ɗan jira kaɗan sai ka ga ya koma baƙi ƙirin. Shekara ɗaya yake yi a duniya. Ya tsiro da damina, ya yi fure, ya zubar da 'ya'ya baƙaƙe kamar na riɗi, ya mutu. Ba shi da wata saiwa da take kwana a ƙasa tana jiran baɗi.

Da sassafe ake tsinkarsa, raɓa ba ta bushe ba. A daka, a matse a tsumma mai tsabta, a zuba ruwan a man shanu a ɗora a wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ruwan ya ƙone ya bar mai. In ka yi gaggawa ya ƙone, in ka sauke da wuri ya yi tsami cikin kwana uku. Wanda ya dahu daidai kuwa sai ya kai ka har wata daminar a cikin tulu. Shi ke kwantar da amosani, shi ke riƙe gashin mai jego kada ya zube. In aka haɗa shi da shuni kaɗan, furfura sai ta kwanta ta yi baƙi. Shuni shi kaɗai ba ya yi. A kan farin gashi shuɗi yake fitowa kamar hannun marini, ya kuma ɓata kallabi, kowa ya gane.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Matan Fulani masu tallan nono sukan ajiye ƙwarya su ce a yi musu da sauri kafin nono ya yi tsami, su bar mana curin man shanu. Akwai wata a cikinsu, Dudu, wadda ba ta taɓa zama ba tare da ta ce na ja mata gashi ba, kuma ba ta taɓa zuwa wurin wata ba. Matan malaman asibiti da na ofis daga Kazaure sukan aiko a ɗauke ni a keke. Na taɓa yin sati a Babura gidan biki, matan da suka tsallako daga Nijar suka sa ni gaba sai na yi musu doka irin tamu, suka cika mini ɗankwali da sefa, kuɗinsu na can, da ban san yadda zan kashe ba. Wannan ta ce shuku, waccan ta ce zanen yawo, wata kuma ba ta san abin da take so ba sai ka gama ta ce ba shi ba ne. Duk ka haƙura. Kai ba kamar zane ba ne da za ka yanka ka sake, mutum ne a tsakanin gwiwoyinka, kana jin numfashinsa. Mai kitso ta san wadda ke da ƙwarƙwata, ta san wadda ke da tabo, ta san wadda ta yi kuka kafin ta zo. In bakinki ba ya rufuwa, 'yata, je ki sayar da ƙosai.

Kan da na fi daɗewa a kansa shi ne na Hauwa, matar wani tela a bayan kasuwa. Ranar da ta fara zuwa, lokacin na yi aure ina kitso a gidana, ta tarar da mata uku a tsakar gida sai ta ce za ta jira. Ta jira har suka tafi, sannan ta ce, "Asabe, mu shiga ɗaki." Ta saki labule da kanta, ta zare kallabi. Sa'ata ce, ba ta fi ashirin da biyu ba, amma rabin kanta fari fat. Ta ce tun haihuwar fari ya fara, kuma haka innarta ta yi. Dangin mijinta dama suna tsokanarta wai ta girme shi, don ita doguwa ce mai jiki shi kuwa ɗan firit. In suka ga wannan, in ji ta, ta shiga uku da bakinsu. Ta taɓa gwada wani baƙin shafi na gwangwani da aka kawo daga birni, fuskarta ta kumbura har idonta ya rufe kwana biyu.

Na ce, "Zauna, wannan ai ba komai ba ne."

Daga ranar duk bayan sati biyu, ranar Laraba da hantsi, Hauwa na ɗakina labule a sake. In tsefe, in wanke, in bi tushen gashin da mai layi-layi, in bar shi ya sha, sannan in kitse. Shekara goma sha biyu muna haka. Ko mijina bai san abin da ake yi a ɗakin ba, ya ɗauka gulma ce kawai, kuma gulmar ma ana yi.

To a cikin shekarun nan ne kuɗi ya shigo ƙasa. An daina fam an koma naira, 'yan ƙwadago sun tafi birni suna aiko da atamfa da rediyo, matar da da sai sallah take kitso yanzu duk sati tana tafe. Labarin maina ya kai Gwiwa, ya kai Yankwashi. Mata suka fara aiko da kwalabe a zuba musu. Ni kuwa kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba. Ka'idar da Ya Falmata ta koya mini ita ce a tsinki kan tsiron kawai, a bar gindin, kuma duk wanda ya fitar da farin fure an gama da shi, ba a taɓa shi, na baɗi ne. Amma tsinkar kai-kai aiki ne mai cin lokaci, ga kwalabe na jira. Sai na koma tumɓukewa. In je bakin fadamarmu in cika kwando biyu kafin rana ta yi zafi, mai fure da marar fure, har wanda bai gama buɗe ganye ba.

Lokacin Ya Falmata ta tsufa, idonta ya tafi, yatsunta sun ƙage. Wata rana na biya in gaishe ta da kwandon a kaina. Ta ce in sauke ta ji. Ta tura hannu ciki tana lalube, sai ta tsaya.

"Asabe, saiwa nake taɓawa?"

Na ce, "Ya Falmata, ai yana da yawa bana, ko shanu ba za su cinye shi ba."

Ta yi wata magana da Barbarci wadda ban nemi fassararta ba. Sannan ta ce da Hausa, "Ɗauke kwandonki daga ɗakina."

Shekarar da ta biyo ita ce ta fari. Iyayenku sun ba ku labarinta, ba sai na maimaita ba. Ruwa ya yi sau uku ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, Fulani suka yi ta kora shanu kudu, waɗanda ba su iya tafiya ba suka faɗi a hanya. Kitso ya tsaya cak, wa ke ta kai ana ta ciki. Fadamarmu ta tsattsage, sai ɗan danshi a tsakiya, kuma a danshin nan wasu ciyayi sun fito, amma rimin sauro ko ɗaya babu. Na bi gefen da rarrafe ina dubawa. Ko farin ne ya hana shi, ko hannuna ne, Allah ne masani. Ni dai na san abin da na yi. Ragowar man da ke tulu na hana kowa, na ajiye wa Hauwa, ina shafa mata kaɗan-kaɗan a goshi da gefen kunne inda kallabi ke zamewa. Kafin kaka na kankare tulun da cokali.

Ana cikin haka aka sa bikin 'yar da Hauwa ta riƙa, 'yar ƙanwar mijinta. Ba wani biki ba ne, shekarar ba ta bari ba, amma dangi za su zo daga gabas. Kuma a gidansu akwai al'ada: ranar wanke kan amarya, uwar riƙo ce ke zama a tsakiyar mata ba kallabi, da sabon kitso, a ɗora mata kan yarinyar a cinya. Ba yadda za a yi ta ce a'a. Ta zo mini saura kwana tara, ta zare kallabi a ɗaki. Farin ya taso ya kai tsawon yatsa, baƙin ya koɗe ya koma ja.

Ta ce, "Asabe, ki rufa mini asiri."

Na bazama. Na je Kazaure bakin ruwa, na tarar awaki sun aske gefen tas. Na tambayi masu saiwoyi a kasuwa, wani ya miƙo mini busasshen ganye wai shi ne, na murje na shinshina na mayar masa. Kwana huɗu ina yawo ƙafata ta fashe. A na biyar na gamu da Dudu, ba ƙwarya a kanta, ta rame har na kusa wuce ta. Shanunsu saura shida. Na gaya mata abin da nake nema, ba tare da na ce don wa ba.

Ta ce, "Mai ɗan farin fure? Akwai a rijiyarmu, inda kwami ke yoyo. Shanu ba sa son shi."

Rijiyar tana kan hanyar Gwiwa, tafiyar rabin wuni. Muka isa da azahar. A ƙarƙashin kwamin da ake shayar da shanu, inda ruwa ke ɗiga, ga shi nan kore shar a tsakiyar ƙasar da ta ƙone. Na ƙirga, tushe tara. Duka tara sun yi fure, fari tas, 'ya'yan ba su yi baƙi ba tukuna, suna neman kamar kwana goma. Biki kuwa saura huɗu. Na san aikina: kan Hauwa yadda ya yi fari, sai na haɗa duka taran, ganye da kara da fure, kafin ya rufu.

Na durƙusa, na kama na farko a gindi. Dudu tana tsaye a kaina ta ce, "To tsinka mana mu tafi, rana na yi." Na daɗe a durƙushe. Daga nan har Kazaure na duba, babu wani sai wannan. Na saki. Na ce ta taya ni sarar ƙaya, muka kewaye wurin don kada kofato ya taka. Ta ce lallai Hausawa ba su da aikin yi, mutane na binne shanu ni ina yi wa ciyawa shinge.

Gidan Hauwa na wuce kai tsaye, ƙura har gira. Ta ja ni ɗaki tana duban hannuna.

Na ce, "Na samu. Ban tsinko ba."

"Ban gane ba."

Na gaya mata komai, har da kwandunan bara, don ba ta san wannan ba. Na ce in na tsinko, za ta yi biki da baƙin kai, bayan sati biyu farin ya dawo, kuma daga nan babu sauran mai har abada, ba nata ba, ba na masu jego ba. In na bari, baɗi in Allah ya kawo ruwa akwai iri. Na ce amma kanta ne, kuma ni na jawo. In ta ce in koma, da asuba zan kama hanya in tumɓuko mata su duka, ba zan ƙara magana ba.

Ta ce, "Shekara goma sha biyu, Asabe. Ashe ciyawa ta fi ni a wurinki."

Na ce, "Ba ta fi ki ba."

"Tashi ki tafi gida."

Na tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban da wata ƙawa kamarta, kuma na san gaskiyarta ce ta ji haushi. Washegari na zauna da zanen tafiyata a ɗaure ina jiran aike, ba wanda ya zo. Wanshekare ma shiru.

Ana gobe wanke kai, da hantsi, ina tsakar gida ina yi wa wata maƙwabciya tsifa, mata biyu na jiran layi, sai ga sallamar Hauwa. Na miƙe zan nufi ɗaki. Ta ce, "Ina za ki? Nan akwai haske." Ta jawo tabarma ta zauna a gaban matan nan, ta zare kallabi ta ninke ta ɗora a cinya. Matan suka zuba mata ido. Ita kuwa wuyanta a miƙe.

Ta ce, "Ki yanke jan nan na baki, ki bar farin. Kuma in kika yi mini kitson banza, Allah ya isa."

Ku saurara nan, don wannan aiki ne. Baƙin gashi yana rufa wa mai kitso asiri, in tsagarki ta karkace kaɗan ba mai gani. Fari ba ya rufa wa kowa. Kowace tsaga a fili take kamar layin kunya a gona, ga shi ya fi santsi, yana zamewa daga yatsa. Na wanke shi sau uku har jan ya fita, na datse bakin, na shafa man shanu zalla. Na yi mata zanen yawo ƙanana, irin wanda Ya Falmata ke yi wa matan gabas, layi ya taso daga goshi ya karkata ya bi bayan kunne. Wanda bai yi mini ba na tsefe na sake, ba sau ɗaya ba. Ba mu yi hira ba ranar. Da na ɗaure na ƙarshe bayana ya ƙi miƙewa, kuma ban taɓa yin kitso kamarsa ba, kafin nan ko bayan nan.

Ina wurin da aka ɗora mata kan amarya. Ba zan ce muku ba a yi magana ba, an yi. Wata ta ce "Af!" da ƙarfi, wasu 'yan mata suka rufe baki suna dariya, wata ƙanwar mijin ta ce dama ta faɗa. Hauwa ba ta ɗaga ido ba, tana ta zuba wa yarinyar ruwa a kai. Sai babbar gwaggonsu da ta zo daga gabas, tsohuwa mai sanda, ta taso ta tsaya a bayanta, ta bi tsaga ɗaya da yatsa tun daga goshi har ƙeya. Ta ce, "Rabona da ganin wannan tun innata na da rai. Wa ya yi?" Aka nuna ni. Ta zare nata ɗankwalin ta ce gobe ita ce ta farko.

Bayan kwana goma na koma rijiyar. 'Ya'yan sun yi baƙi, na karkaɗe su a ƙyalle, na bar rabi a wurin. Da ruwa ya dawo na watsa a bakin fadama da bayan magudanar gidana, ya fito, ban taɓa ko ganye ɗaya ba sai a shekara ta biyu. Man farko da na dafa, kwalba ɗaya ce ƙarama, na kai wa Hauwa har gida da ɗokina. Ta buɗe ta shinshina ta mayar mini.

Ta ce, "Kai wa maƙwabciyata matar Sale mai jego, gashinta na zuba. Ni na huta da labule."

Ta ci gaba da zuwa ranar Laraba, a tsakar gida, tana tsokanar masu jiran layi. Mun yi shekara ashirin da wani abu a haka, har nawa kan ya kamo nata. Sana'ar nan ta ciyar da ni, ta aurar da 'ya'yana, ta kai ni gidajen da ban isa shiga ba, alhamdu lillahi ban da abin cewa.

Da ta kwanta ciwo ya yi tsanani, ta bar wasiyya cewa kada wadda ta taɓa mata kai sai ni. Ta rasu ranar Asabar da safe. Na shiga inda ake mata wanka da tsinkena, na tsefe kitson da na yi mata da hannuna, na wanke, na taje, na raba shi uku yadda ake yi wa mace in za ta tafi. Fari tas, ba ko ɗigon baƙi. Na kitsa na dama, na kitsa na hagu. Na tsakiyar ne na ga tsagarsa ta ɗan karkace, na warware na sake. Ina cikin gyarawa mai wankan ta dafa kafaɗata.

Ta ce, "Asabe, ya isa haka. Maza na jira a waje."